Daga Yamai zuwa Jidda: tafiyar shekaru da ta koma ta yini guda

Tsakanin Yamai da Jidda akwai kimanin kilomita 4,000 in an miƙe sak ta sararin samaniya. Jirgin alhazai da ya tashi daga filin Diori Hamani yakan cinye wannan tazara cikin awa biyar zuwa shida, kuma da yake agogon Saudiyya yana gaban na Nijar da awa biyu, maniyyacin da ya tashi da hantsi sai ya sauka da la'asar. Lissafi ne mai sauƙi, amma yana rufe dogon tarihi.

Askiya Muhammadu ya bar Gao a 1496, ya bi ta Masar, bai dawo ba sai bayan kusan shekara biyu. Shi ke nan sarki, mai zinariya da mayaƙa. Talakan Damagaram ko Maradi ba shi da wannan gata, shi ya sa daga baya hanyar gabas ta zama tasa: ta Barno, ta Abeshe, ta Alfashir, har Ubayyid inda titin jirgin ƙasa ya iso a farkon ƙarni na 20, sannan Sawakin a bakin Bahar Maliya. Tafiya ce ta ƙafa da jaki. In guzuri ya ƙare sai a yada zango, a yi noma damina ɗaya ko biyu, ko wanzanci, ko sayar da ruwa, a tara abin ci gaba. Wanda zai tashi yakan yi wasiyya, ya nemi gafarar dangi, domin ba kowa ke komowa ba.

Wasu ma ba su ƙarasa ba, kuma ba mutuwa ce ta tsayar da su ba. Bayan Ingilishi sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya wuce da jama'a zuwa Sudan, suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Da aka buɗe gonakin auduga na Jazira a 1925, maniyyata da yawa suka shiga aikin tsinka, aka yi aure, aka hayayyafa. Jikokinsu na can suna jin Hausa, ga niyyar Makka da kakanni suka ɗaura tun daga gida. Nisan hanya ne ya haifi waɗannan garuruwa, abin da jirgi bai taɓa yi ba; fasinja yana ratsa samaniyar Cadi da Sudan alhali yana gyangyaɗi.

Sai dai miƙaƙƙen layin nan na taswira bai fi ƙarfin siyasa ba. A watan Afrilu na 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum, aka rufe sararin samaniyar Sudan, jiragen da ke nufin Jidda daga yammacin Afirka suka koma kewaye, tafiya ta ƙara tsawo. Alfashir kuwa, tsohon zangon mahajjata, tana cikin garuruwan da wannan yaƙi ya fi ɗaiɗaitawa.