Yadda Aka Gano Waɗanda Jijjigar Ciki Ta Fi Kamawa

Ciwon nan da ke kama mai juna biyu bayan ciki ya haura mako 20, fuska da hannuwa su kumbura, kai ya yi ta sara, ido ya riƙa gani dishi-dishi, har in an yi sakaci ya kai ta ga jijjiga da taune-taune, daɗaɗɗen al'amari ne da hukama'un Yunanawa ma suka ambata, ko da yake an shafe ƙarnuka ana cuɗa shi da farfaɗiya, kamar yadda a nan aka jima ana jingina shi ga iskoki.

Abin ta'ajibi, an san wadda ciwon ya fi kamawa tun kafin a kusanci sababinsa. François Mauriceau, likitan haihuwa a birnin Faris cikin ƙarni na 17, bai mallaki wata na'ura ba illa ido da yawan lura, amma ya tabbatar cewa mai cikin fari ta fi sauran mata shiga hatsari. A 1843 John Lever na Asibitin Guy's a Landan ya gano furotin cikin fitsarin masu jijjiga. Bayan Riva-Rocci na Italiya ya ƙera ma'aunin hawan jini a 1896, sai ta bayyana cewa hauhawar jini kan riga jijjigar zuwa. Sannu a hankali, cikin jerin masu hatsarin, aka ƙara da mai ɗauke da tagwaye, da wadda ta haura shekara 40, da mai ƙiba ko ciwon suga ko na ƙoda, da kuma wadda mahaifiyarta ko 'yar'uwarta ta taɓa yi.

Magabatanmu, a ganina, sun tsinkayi wani yanki na wannan hakika, domin al'adar goyon ciki, watau mayar da mai cikin fari gaban iyayenta in haihuwa ta matso, ba don kunya kaɗai aka kafa ta ba. Sai dai fa uwa da ungozoma, komai gogewarsu, ba sa iya ganin hawan jini da ido.

Magani kuwa ya samu: binciken Magpie na 2002, wanda ya ƙunshi mata fiye da 10,000 a ƙasashe 33, ya nuna allurar magnesium sulphate tana rage aukuwar jijjiga da fiye da rabi. Saboda haka, ya kai maigida, in ka mai da iyalinka goyon ciki, ka haɗa ta da kuɗin motar zuwa awo.