Tashi daga matattu: Matsayinsa a imanin Kirista da yadda aka jarraba shi a Kakau

A daren 8 ga Janairun 2020, 'yan bindiga suka kutsa cikin makarantar Good Shepherd da ke Kakau a Ƙaramar Hukumar Chikun, gefen babbar hanyar Kaduna zuwa Abuja, inda Cocin Katolika ke horar da matasan da za su zama limamai. Suka tafi da ɗalibai huɗu. Uku daga cikinsu sun dawo kafin watan ya ƙare, ɗaya da munanan raunuka. Na huɗun, Michael Nnadi, ɗan shekara 18 daga yankin cocin Sakkwato, gawarsa aka samu a farkon Fabrairu.

Ranar 11 ga watan aka yi addu'ar jana'izarsa a harabar makarantar. Wanda bai saba da jana'izar Kirista ba zai iya mamakin abin da ake yi a irin wannan taro: ana kuka, amma kuma ana rera waƙoƙin nasara, ana maganar mamacin kamar matafiyin da za a sake haɗuwa da shi. Tushen wannan hali shi ne aƙidar tashi daga matattu, wadda ita ce ginshiƙin addinin Kirista, kuma ita ce ake tunawa da ita a bikin Ista na kowace shekara.

Abin da Kiristoci suka gaskata

Littattafan Bishara guda huɗu na Sabon Alkawari, wato Matiyu da Markus da Luka da Yohanna, sun ruwaito cewa an gicciye Yesu Almasihu a Urushalima ranar Juma'a, lokacin Idin Ƙetarewa na Yahudawa, a zamanin da Bilatus yake gwamnan Romawa a Yahudiya. Masana tarihi suna sanya lamarin a shekara ta 30 ko ta 33 Miladiyya. An sa shi a kabarin da aka sassaƙa cikin dutse. Da asubahin Lahadi, rana ta uku a ƙidayar Yahudawa, waɗansu mata, cikinsu har da Maryamu Magadaliya, suka je kabarin suka tarar babu kowa a ciki. Daga nan ruwayoyin suka ce ya riƙa bayyana ga almajiransa, kuma littafin Ayyukan Manzanni ya ce hakan ya ɗauki kwana 40 kafin a ɗauke shi zuwa sama.

Abin lura shi ne yadda ruwayoyin suka nace a kan jiki. Luka ya ce ya ci gasasshen kifi a gabansu. Yohanna ya kawo labarin Toma, almajirin da ya ƙi yarda har sai ya ga tabon ƙusoshi da idonsa. Manufar ita ce a kawar da zaton cewa fatalwa suka gani ko mafarki suka yi. Tabon kuma yana da nasa darasin a wurin malaman coci: tashin bai share abin da aka yi wa jikin ba, sai dai ya hana shi zama ƙarshen labari.

Bayani mafi daɗewa a rubuce yana cikin wasiƙar farko ta manzo Bulus zuwa ga Korantiyawa, sura ta 15, wadda aka rubuta wajen shekara ta 54, tun kafin a rubuta littattafan Bishara. A can Bulus ya jero waɗanda ya ce sun ga Yesu bayan tashinsa: Bitrus, da sha biyun, da mutum fiye da 500 a lokaci guda, da Yaƙubu, sannan shi kansa. Ya kuma faɗi magana mai nauyi, cewa in tashin bai faru ba, to wa'azinsu da bangaskiyar masu saurarensu duk aikin banza ne. Ke nan a wurin Kirista wannan ba reshe ba ne da za a iya sarewa bishiyar ta ci gaba da tsayuwa.

Daga mutum ɗaya zuwa kowa

Imani da tashin matattu ya riga Kiristanci. Yana cikin littafin Daniyel, kuma wahayin Ezekiyel na kwarin busassun ƙasusuwa da suka haɗu suka rayu sananne ne ga duk mai zuwa coci. A zamanin Yesu, Farisiyawa sun yarda da shi, Sadukiyawa kuma sun musanta. Sabon abin da Kiristoci suka zo da shi shi ne cewa abin da ake jira a ƙarshen zamani ya riga ya soma a kan mutum ɗaya.

Bulus ya yi amfani da misalan gona, waɗanda manomin Chikun zai gane ba tare da dogon sharhi ba. Ya kira Yesu nunan fari, wato amfanin da ya fara nuna, wanda ganinsa ke tabbatar wa mai gona cewa sauran na tafe. Ya kuma kwatanta gawa da irin da aka binne: abin da ya tsiro daga cikinsa yake, amma ya fi shi kyau nesa ba kusa ba. Shi ya sa Kiristoci ba su tsaya ga cewa rai yana wanzuwa bayan mutuwa ba. Suna cewa jikin ma za a tashe shi, marar ruɓewa. Shaidar bangaskiya da taron Nisiya na shekara ta 325 ya tsara, aka kuma faɗaɗa ta a Kustantiniya a 381, da wannan take rufewa, kuma har yau ana karanta ta a cocin Katolika da na Angilika.

Kiristocin da ke ibada da Hausa suna kiran wannan jira “bege” ko “sa zuciya”. Kalmar ta daɗe a bakinsu, tun daga fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1932 wadda Dokta Walter Miller na Zariya yana cikin waɗanda suka yi aikinta. Ga Bahaushe, bege yakan nufi ɗokin wanda ba ya kusa, kamar yadda ake begen Annabi. A harshen coci ta ƙara wani nauyi: jiran abin da aka tabbata zai zo, ba fatan da ake yi ana shakka ba. Daga nan ne kuma maganar “ya yi barci cikin Ubangiji” ta fito, wadda ake gani a takardun sanarwar rasuwa.

Inda Musulmi da Kirista suka haɗu, da inda suka rabu

A garin da Musulmi da Kirista ke cin kasuwa ɗaya da aiki a ofis ɗaya, ya kyautu a san iyakar. Duka biyun sun gaskata za a tashi matattu, za a yi hisabi, kuma babu zaluncin da zai wuce ba a bincike shi ba. Imani da Ranar Lahira ɗaya ne daga shika-shikan imani a Musulunci. Amma Alƙur'ani, a aya ta 157 ta Suratun Nisa'i, ya kore cewa an kashe Annabi Isa (AS) ko an gicciye shi, aya ta gaba kuma ta ce Allah ne Ya ɗaukaka shi zuwa gare Shi. Kirista kuwa ya ɗora gafarar zunubi da begen lahira a kan mutuwar da tashin. Bambancin na asali ne, kuma malaman ɓangarorin biyu masu gaskiya ba sa ɓoye shi don a ji daɗin zama.

Abin da aƙidar ke nema a wurin mai makoki

Ba ta hana kuka. Yohanna ya ruwaito cewa Yesu kansa ya zubar da hawaye a kabarin abokinsa Li'azaru. Abin da Bulus ya nema daga Tasalonikawa shi ne kada baƙin cikinsu ya zama irin na waɗanda ba su da bege.

Abu na biyu ya fi wuya. In har Allah zai tashi wanda aka kashe, kuma zai yi wa wanda ya kashe shi shari'a, to ramuwa ta fita daga hannun dangi. Wannan ne Bishop Matthew Hassan Kukah na Sakkwato ya tsaya a kai a huɗubarsa ta jana'izar Nnadi, inda ya ja kunnen Kiristoci game da ɗaukar fansa da riƙon ƙiyayya. Amma a huɗubar guda ya caccaki gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari kan taɓarɓarewar tsaro, maganar da ta jawo ce-ce-ku-ce a faɗin ƙasa. Waɗansu sun ga kamar siyasa ta shiga wurin makoki. Sai dai a fahimtar coci abubuwan biyu daga tushe ɗaya suke: in jikin mutum yana da darajar da Allah zai tashe shi, to zubar da jininsa ba ƙaramin abu ba ne da za a yi shiru a kai. Tsohon zargin cewa begen lahira yana sa talaka ya haƙura da zalunci yana da wurin zama a tarihi, amma bai dace da abin da aka ji a Kakau ranar nan ba.

Makonni biyu bayan haka, ranar 26 ga Fabrairu da aka fara azumin kwana 40 na kafin Ista, bishop-bishop na Katolika suka nemi mabiyansu su sa baƙaƙen kaya don jimamin waɗanda aka kashe, sannan ranar 1 ga Maris suka yi tattaki a Abuja. Istar shekarar ta faɗo ranar 12 ga Afrilu, lokacin kullen cutar korona, majami'un Kaduna a rufe, kowa ya yi addu'arsa a gida.

Jarrabawar ba ta tsaya nan ba. Ranar Lahadi 31 ga Oktoban 2021, 'yan bindiga suka auka wa Cocin Emmanuel Baptist da ke Kakau Daji ana tsakiyar sujada, suka yi kisa, suka kwashi masu ibada fiye da 60. Akasarinsu sai a farkon Disamba suka kuɓuta. Ranar da aka zaɓa don harin ita ce wadda Kiristoci ke taruwa a cikinta tun ƙarni na farko, saboda a ranar farko ta mako aka tarar da kabarin babu kowa. Wannan ne dalilin da ya sa ibadarsu ta mako ta koma Lahadi maimakon Asabar ɗin Yahudawa.

Yadda ake bikin

Ista ba ta da tsayayyar rana. Ita ce Lahadin farko bayan cikar wata da ta zo daga 21 ga Maris zuwa gaba, don haka takan faɗo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. Gwamnatin Tarayya na ba da hutun Juma'ar da ta gabace ta da Litinin ɗin da ke biye. Ranar Juma'a ta jimami ce da azumi. A daren Asabar 'yan Katolika sukan hura wuta a wajen coci, su kunna babban kyandir su shiga da shi cikin duhu, a nan ne kuma ake yi wa sababbin masu bi baftisma, domin Bulus ya kwatanta ta da binnewa da tashi tare da Almasihu. A majami'un ECWA da Baptist da HEKAN, waɗansu sukan fito sujada tun da asuba, Zumuntar Mata na rera waƙa da kiɗan tulu. Ranar Litinin kuma iyalai kan ɗauki abinci su fita wani fili ko kan dutse a bayan gari, fitar da ake kira “zuwa Galili”, saboda a can ne Bishara ta ce an umarci almajirai su je su sadu da shi.