AutoPlay

AutoPlay wani tsari ne a cikin Windows, babbar manhajar kamfanin Microsoft, wanda ke duba faifai ko filashin da aka saka a kwamfuta ya buɗe shi da manhajar da ta dace. Idan faifan fim ne na DVD, yana gane shi ta jakar VIDEO_TS da ke cikinsa.

Tarihi

Tsarin ya samo asali daga AutoRun na Windows 95, wanda ke bin umarnin da aka rubuta a kan faifan. Windows XP, da ta fito a 2001, ta kawo akwatin da ke tambayar mai kwamfuta manhajar da yake so.

Sauya manhaja

Wata sabuwar manhajar kallo takan karɓe aikin kunna faifai da zarar an ɗora ta. Ana gyara wannan a Control Panel, sashen Hardware and Sound, sannan AutoPlay. A layin DVD movie ake zaɓar manhajar, ko a zaɓi a riƙa tambaya kowane lokaci, ko kada a kunna komai, sai a adana.

Tun daga Windows 8 a 2012, Windows Media Player ya daina kunna DVD saboda kuɗin lasisi. Don haka sai an ɗora wata manhaja, kamar VLC ta kyauta, kafin ta bayyana a jerin.

Tsaro

Ƙwayar cutar kwamfuta ta Conficker, da ta ɓulla a 2008, ta yaɗu ta filashi da taimakon AutoRun. Windows 7 ta taƙaita AutoRun ga faifan CD da DVD.