Yadda Kwamfuta Ta Koyi Cewa "Ba Ka Da Izini"

A shekarar 1962, wani ɗalibin digiri na uku a jami'ar MIT ta Amurka, Allan Scherr, ya ga awa huɗun da aka yanka masa a mako kan kwamfutar makarantar ba sa isarsa. Na'ura ɗaya ce jama'a da yawa ke rububinta, shi ya sa Fernando Corbató da abokan aikinsa suka ba kowa kalmar sirri. Amma fayil ɗin da aka tara kalmomin a ciki ba shi da mai gadi. Scherr ya nemi a buga masa shi a takarda, aka kuwa buga, ya kwashi na kowa.

An tanadi tambayar "wane ne kai?", an bar ta biyu: "me aka yarda ka taɓa?"

Don amsa tambaya ta biyun, tsarin gudanar da kwamfuta na Unix, wanda aka ƙirƙiro a Bell Labs, ya raba mutane gida uku, mai fayil da 'yan rukuninsa da sauran jama'a, kowanne da iyakarsa wajen karantawa da rubutawa da gudanarwa. A 1975 Jerome Saltzer da Michael Schroeder suka rubuta ƙa'idar da har yau ake wa'azinta ana kuma saɓa mata: a ba kowa iya izinin da aikinsa ke buƙata. Da ma'aikatu suka yi girma, bin mutum ɗaya-ɗaya ya gagara, sai David Ferraiolo da Richard Kuhn na hukumar NIST suka tsara a 1992 yadda za a rataya izini ga muƙami, akanta da nasa, magatakarda da nasa.

Yanzu masu ƙwanƙwasa ƙofar ma ba mutane kaɗai ba ne. Manhajar lissafin kuɗi ce ke neman bayani daga Salesforce, inda ake ajiye bayanan abokan ciniki, ta wani asusu da aka buɗe mata, sai ta dawo da lamba 403, wato "ba ka da izini". Kalmar sirri daidai take. Muƙamin asusun ne bai kai ga jerin abokan ciniki ba, ko ya kai amma an rufe masa gurbi ɗaya a ciki. Gano gurbin nan kan ci wuni, ga oga yana ta kira, don haka sau da yawa sai ma'aikaci ya mayar da asusun mai iko da komai, aiki ya tafi.

Asusun da ya faɗa hannun da bai dace ba kan jawo babbar ɓarna. A 2013 ɓarayin intanet suka shiga kamfanin Target na Amurka da bayanan shiga na wani ɗan kwangila mai gyaran na'urorin sanyaya ɗaki. Sun sace bayanan katin banki kusan miliyan 40.