BABI NA UKU: SHIGOWAR SABUWAR SHEKARAR KARATU A MAKARANTUN SAKANDARE NA GWARZO DA KABO

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a dubi yadda shekarar karatu take somawa a makarantun sakandare na ƙasar Gwarzo da Kabo, da kuma yadda al'amarin ya yi ta sauyawa tun daga lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Kano a shekarar 1967. Garuruwan biyu suna yamma da birnin Kano, a kan hanyar da ta tashi daga Kano ta ratsa Kabo da Gwarzo ta faɗa Dayi cikin Jihar Katsina. Akasarin mutanen wannan yanki manoma ne, haka ma iyayen ɗaliban da suke fitowa daga irin su Getso da Kutama da Lakwaya da Garo da Gude. Saboda haka ranar komawa makaranta a nan ba ta rabuwa da halin da gona da rumbu suke ciki, ko da yake waɗanda suke tsayar da ranar ba kasafai suke la'akari da wannan ba.

3.1 Kafin Makarantu Su Yawaita

Ilimin boko ya shigo ƙasar Kano ne ta makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nassarawa cikin 1909, sa'an nan aka sami Midil ta Kano a 1927, wadda daga baya ta zama Kwalejin Rumfa. Shekaru masu yawa bayan haka, yaron ƙasar Gwarzo da yake son wuce elemantare sai ya bar gida. Gwarzo ta yi fice da babbar firamarenta ta kwana, wadda take karɓar yara daga gundumomi dabam-dabam. Cikin waɗanda suka bi ta cikinta akwai Rabi'u Musa Kwankwaso, wanda ya zama gwamnan Kano a 1999. Wato tun kafin a kafa Sakandaren Gwamnati ta Gwarzo da Sakandaren 'Yan Mata ta Kabo, mutanen yankin sun riga sun san cewa sabuwar shekarar karatu tana nufin ɗaure kaya da rabuwa da yaro har tsawon wata uku.

3.2 Janairu ko Satumba

Har zuwa farkon shekarun 1970, shekarar karatu a Nijeriya tana farawa ne a watan Janairu ta ƙare a Disamba. A 1973 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta mayar da farkonta watan Satumba. A ƙarshen shekarun 1980, zamanin da Farfesa Jibril Aminu yake ministan ilimi, aka sake komawa Janairu, amma wannan bai daɗe ba, domin a farkon shekarun 1990 an dawo Satumba.

Ga ma'aikacin da yake karɓar albashi kowane wata, waɗannan sauye-sauye ba su da wani nauyi. Ga manomi kuwa bambancin babba ne. A watan Janairu an gama kaka: an girbe gero da dawa, an cire gyaɗa, auduga ta shiga kasuwa, akwai ɗan kuɗi a hannu. Uba yana iya sayen akwati da katifa ba tare da ya ci bashi ba. Amma watan Agusta, lokacin da ake shirin komawar Satumba, shi ne tsakiyar damina, sa'ad da hatsin bara ya ƙare ko ya kusa, sabo kuma bai shigo gida ba. A irin wannan lokaci akuyar uwa ce takan tafi kasuwa, ko kuma a sayar da gero tun yana ɗanye a kan farashin da mai saye ya ga dama. Abin da ya ƙara tsananta sauyin farko shi ne ya zo daidai da babban farin 1973, bayansa kuma cutar da ta lalata gyaɗa a 1975 ta karya amfanin gonar da ya fi kawo wa manoman Kano kuɗi.

Duk da haka ba za a ce tsarin Satumba ba shi da alheri ba. Dogon hutu yakan faɗo ne cikin damina, yara maza su taya iyayensu noma. Illarsa ita ce hutun yana ƙarewa daidai lokacin da girbi yake kankama, shi ya sa jinkirin dawowa ya zama sanannen abu a makon farko da na biyu, musamman ga ɗaliban jeka-ka-dawo. Game da 'yan mata kuwa, akwai dalilin da zai sa a fifita Satumba. A ƙasar Hausa bayan kaka ne aka fi yin bukukuwan aure. A tsarin Janairu, hutun ƙarshen shekara yana faɗawa cikin wannan lokaci, yarinya tana gida, ba ta riga ta shiga sabon aji ba, maganar aurenta ba ta da wuyar tasowa. Wadda ta koma Kabo a Satumba kuwa ta riga ta fara shekara kafin kuɗin kaka su shigo hannun masu nema. Wannan bai hana cire yara mata daga makaranta ba, sai dai yakan sa a ce a bari ta gama shekarar, wani lokaci kuma shekara ɗaya takan jawo ta biyu.

3.3 Makon Farko a Makarantar Kwana

Sabon ɗalibi yakan iso da akwatin ƙarfe da katifa da bokiti da kwano da cokali, tare da tsintsiya da fartanya ko lauje waɗanda makaranta take buƙata. A cikin akwatin akwai guzurin da bai cika rasa garin kwaki da ƙuli-ƙuli da sukari da yaji ba. A bakin ƙofa akan bincika kaya, a rubuta suna, a tura yaro gidan da zai zauna, wato rukunin ɗakunan kwana da zai riƙa yi wa wasa da aiki har ya gama makaranta.

Aikin farko shi ne yankan ciyawa. Makarantar da aka rufe tun watan Yuli takan cika da ciyawar damina har bakin azuzuwa, ga macizai da sauro, don haka kwanakin farko sun fi tafiya a shara da sassabe fiye da karatu. A nan ne ɗan aji ɗaya yake fara sanin ikon manyan ɗalibai. Su ne suke tashin yara sallar asuba, su tsara layin abinci, su kula da karatun dare, su kuma yi horo. Wannan iko yana da amfani a makarantar da malaman da suke kwana cikinta kaɗan ne, amma sau da yawa yakan wuce gona da iri, ƙaramin yaro ya zama mai ɗebo wa babba ruwa da wanke masa tufafi. Shi ya sa iyaye masu dabara sukan damƙa ɗansu hannun wani babban ɗalibi ɗan garinsu tun ranar farko.

Bayan an natsu sai ƙungiyoyi su fara neman sababbin mambobi. Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi, wadda aka kafa a Legas a 1954, ita ce ta fi jama'a. Akwai ta muhawara da kacici-kacici, da ta Hausa mai shirya wasan kwaikwayo, da 'yan sikawut, da ta matasa manoma wadda gonar makaranta take hannunta. Wasannin gida-gida kuwa akan jira sanyin hunturu.

Akwai kuma waɗanda sabuwar shekara takan raba da abokansu. Tun daga 1977 da aka buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, akan zaɓi masu ƙwazo ta hanyar jarrabawa a kai su can, abin alfahari ga iyaye, amma makarantar da ta rene su takan rasa na gaba-gabanta.

3.4 Daga Kwana Zuwa Jeka-ka-dawo

Shirin ilimin firamare kyauta ga kowa da Janar Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar a Satumbar 1976 ya cika firamare da yara. Rukunin farko sun kammala a 1982, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, daidai lokacin da kuɗin man fetur suka fara ja da baya. Makarantun kwana ba za su ɗauke su duka ba, gwamnati kuma ba ta da halin ciyar da su, sai aka karkata ga makarantun jeka-ka-dawo. A wannan tsakani ne aka shigo da tsarin shekara uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, aka kuma yi jarrabawar farko ta kammala babbar sakandare a 1988. Shirin ilimin bai-ɗaya na 1999 ya ƙara yawan ƙananan sakandare a ƙauyuka.

Wannan ya sauya ma'anar sabuwar shekara ga yawancin yara. Keke ya maye gurbin akwati, ɗawainiya ta ragu, 'ya'yan talakawa da yawa sun sami shiga, iyayen da ba su yarda 'yarsu ta kwana a wani gari ba sun sassauta. Sai dai yaron da yake kwana a gida yana kusa da gona da talla, ba shi da karatun dare, kuma ranar kasuwa tana iya cinye masa yini guda. A 2019 Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya shelanta ilimi kyauta kuma dole har zuwa sakandare, a 2024 kuma Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, wanda hakan kansa shaida ce cewa soke kuɗin makaranta bai wadatar da azuzuwa da malamai da kujeru ba.

Shekarar karatu ta 2020 zuwa 2021 ta zo da abin da ya fi waɗannan duka. Annobar korona ta sa an rufe makarantu tun watan Maris na 2020, ba a koma sosai ba sai Oktoba. Ba a jima ba, ranar 11 ga Disamba, 'yan bindiga suka sace ɗalibai fiye da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara cikin Jihar Katsina, wadda Gwarzo take iyaka da ita. Bayan sace 'yan matan Jangebe a Jihar Zamfara cikin Fabrairun 2021, gwamnatin Kano ta rufe makarantun kwana 10 da suke nesa da birni, ciki har da ta Ƙaraye mai maƙwabtaka da Gwarzo da Kabo, ta kuma sallami ɗaliban Makarantar Nazarin Muhalli ta Gwarzo. Iyayen da a da tambayarsu ita ce kuɗin akwati da guzuri, a wannan shekara sai da suka fara tambayar ko makaranta tana da katanga da masu gadi kafin su ɗaure wa yaro kaya.