Asalin Kalma: Maguzawa

Bamaguje, Bamagujiya, jam'i Maguzawa: haka ake kiran Hausawan da suka ci gaba da bin addinin gargajiya, galibi a ƙauyukan ƙasar Kano, Katsina da Zazzau. A bakin mutane akan ce sunan daga "gudu" ya fito, wato magujin salla. Sai dai masana da yawa sun fi karkata ga cewa tushensa kalmar Larabci ce, Majus, sunan da Larabawa suka ba mabiya addinin Farisa na dā masu girmama wuta. Sau ɗaya kalmar ta zo a Alƙur'ani, a Suratul Hajji, aya ta 17.

Nauyin sunan a fiƙihu yake. Majusawa ba Yahudu ba ne, ba Nasara ba, amma Annabi (SAW) ya karɓi harajin jiziya daga Majusawan ƙasar Hajar. Halifa Umar bai karɓa daga Majusawa ba sai da Abdurrahman bin Aufu ya ba da shaidar hakan. Mazhabar Malikiyya kuwa ta faɗaɗa hukuncin har ga sauran waɗanda ba Musulmi ba.

Saboda haka a dā kiran mutum Bamaguje ya sa shi cikin 'yan amana: yana biyan haraji, jininsa da dukiyarsa suna cikin kariya, ko da yake matsayinsa bai kai na Musulmi ba. Yau wasu na jefa kalmar a matsayin zagi ga wanda suke ganin bai waye ba. Wannan rashin adalci ne ga mutanen da harshe da jini suka haɗa mu da su.