Gejin man mota

Gejin mai, ko ma'aunin mai, na'ura ce da ke nuna wa direba yawan fetur ko dizal da ya rage a tankin mota. Yana kan allon da ke gaban direba, kuma yawanci yana ɗauke da harafin E, alamar tanki ya kusa ƙarewa, da harafin F, alamar ya cika.

Tarihi

Motocin farko ba su da geji. Direba kan buɗe tanki ya tsoma sanda domin ya ga inda mai ya tsaya. Motar Volkswagen Beetle ta ci gaba da fitowa ba geji har farkon shekarun 1960. A maimakonsa tana da wani hannu da ake juyawa a buɗe ɗan man ajiya idan na tanki ya ƙare. Ƙaramar kibiyar da ke gefen hoton famfon mai, wadda ke nuna ɓangaren da murfin tanki yake, shawarar Jim Moylan ce, ma'aikacin kamfanin Ford, kuma ta fara fitowa a motocin 1989.

Yadda yake aiki

Tsarin yana da sassa uku: na'urar aunawa da ke cikin tanki, wayoyi, da gejin da ke gaban direba. A cikin tanki akwai wani ƙwallo mara nauyi da ke iyo a saman mai, haɗe da siririn ƙarfe. Idan mai ya ragu ƙwallon yakan sauka, ƙarfen ya motsa a kan wani sashe da ke rage ko ƙara turjiyar lantarki, wadda ake aunawa da om. Wannan sauyin ne ke motsa allurar geji.

Kamfanoni sun sha bamban wajen lissafin. A tsofaffin motocin General Motors da yawa, om 0 na nufin tanki ba mai, om 90 kuma ya cika. A wani tsarin da ya yaɗu a Amurka, om 240 ne ba mai, 33 kuma cike. Saboda haka waya ɗaya da ta tsinke za ta iya kai allura kan F a wata mota, ta kai ta kan E a wata.

Lalacewa bayan hatsari

Karo yakan taɓa gejin ta hanyoyi kamar haka:

- Tanki ya lotsa daga ƙasa, ya tokare ƙwallon ko ya rage yawan man da yake ɗauka.
- Ƙarfen da ke riƙe da ƙwallon ya lanƙwashe, ko ƙwallon ya fashe ya sha mai ya nutse.
- Waya ta tsinke ko ta matse tsakanin ƙarafa, ko soket ɗin da ke saman tanki ya kwance.
- Wayar da ke manne da ƙarfen jikin motar ta saki, ko kuma an manta ba a mayar da ita ba bayan gyaran jiki da fenti.
- Fis ya ƙone.

Gano inda matsalar take

Ana farawa da abin da ido ke gani: lotsawar tanki, ɗigar mai, fis da soket. Daga nan sai a lura da halin allurar. Idan ta maƙale a E ko F ko da an sha mai, an fi zargin waya. Idan tana sauka daidai sai ta tsaya a wuri guda, an fi zargin ƙwallon ko lotsawar tanki. Idan tana tsalle a kan gargada, akwai haɗin da ya saki.

A tsofaffin motoci, mai gyaran wutar mota yakan cire wayar da ke zuwa na'urar tanki, ya kunna makulli ya duba allura, sannan ya taɓa wayar a jikin ƙarfe na ɗan lokaci. Idan allurar ta tafi wannan ƙarshen sannan ta koma wancan, geji da wayoyi lafiya suke, matsalar tana cikin tanki. Sai a ciro na'urar a auna ta da mita ana ɗaga ƙwallon a hankali. Lambar ya kamata ta riƙa sauyawa ba tare da yankewa ba.

A motocin zamani saƙon yakan bi ta kwamfutar mota, don haka ana amfani da na'urar bincike ta OBD-II. Lambobin P0460 zuwa P0464 duk sun shafi na'urar auna mai. Wasu motocin kuma suna da tanki mai ɓangare biyu da na'urar aunawa biyu, kuma lalacewar ɗaya ta isa ta ɓata lissafin.

Haɗari

Gejin da ke nuna mai alhali babu yakan sa mota ta mutu a tsakiyar hanya. A yawancin motocin fetur na zamani famfon mai yana cikin tanki, kuma man ne ke sanyaya shi, don haka yawan tafiya da busasshen tanki na rage masa kwana. Tururin fetur yana kamawa da ƙaramin tartsatsi, shi ya sa ake cire kan batir kafin a buɗe tanki, a kuma yi aikin a inda iska ke shiga. Kafin a gyara gejin, direbobi kan cika tanki su riƙa lissafi da kilomitar da suka yi.